Littafin Yaƙi Da Littafin Kishiyoyi: Wanne Ya Fi Yi Mana Ƙarya?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na biya ta gidan ƙanwata a Gwammaja na tarar tana ta faɗa da babban ɗanta. Ta ƙwace wayar hannunsa ta ɗora a kan firji. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, gara da Allah ya kawo ka. Ka yi wa ɗan nan naka magana. Ba shi da aiki sai sauraron labarin aljanu da matsafa, wai wani sadauki ya kashe dodo mai kai bakwai. In karatun yake so, ai ga littattafai nan masu ma'ana, na zaman duniya."

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi sai da na gama aikin makarantata."

Littattafai masu ma'anar da take nufi kuwa na san su, don a daidai lokacin ma wani yana tashi daga tata wayar a kicin. Wata murya ce take karanta yadda uwargida ta yi sammako zuwa wani ƙauye wajen boka, aka ba ta ƙullin magani ta barbaɗa a miyar maigida, ya wayi gari ko ganin amarya ba ya son yi.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ba a bakinta na fara jin wannan hukunci ba. Iyaye suna yanke shi, malaman makaranta suna yanke shi, har wasu marubuta ma. A wajensu littattafan yaƙi da jarumta, masu aljanu da dodanni da takubban sihiri, shirme ne da ɓata lokaci. Dogayen labaran iyali kuwa, na aure da kishi da gado da 'yan uba, su ne madubin rayuwa, su ne masu darasi.

Ni ban yarda ba. Iri biyun duk na karanta su, tun zamanin da ake karɓo su haya a shagon unguwa har zuwa yau da suke zuwa a waya, kuma duk ina son su. Abin da na gani shi ne, littafin yaƙi tun shafin farko yake sanar da kai cewa duniyarsa ƙirƙirarriya ce, saboda haka babu yaudara tsakaninku. Littafin iyali kuwa da sunan unguwarku yake zuwa, da irin tuwon gidanku da irin gaisuwarku. Idan ya yi ƙarya, tasa ta fi shiga jiki, kuma da yawansu suna yi. Abin da ya kamata a tambayi kowane labari, mai aljani ne ko mai kishiya, shi ne ko aikin da mutanen cikinsa suka aikata yana jawo musu abin da irin wannan aiki yake jawowa.

"Ai ƙarya ce tsagwaronta"

Wannan ita ce tuhuma ta farko, kuma ita ta fi sauƙin amsawa. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san dare da tatsuniya. Kaka ta ce "ga ta nan ga ta nanku", yara su ce "ta zo mu ji ta", daga nan Gizo ya yi magana, Ƙoƙi ta amsa, dodo ya haɗiye gari guda. Babu yaron da ya taɓa tashi da safe ya tafi neman Gizo a bayan ɗaki. Tun yana ƙarami ya san inda labari ya fara da inda ya ƙare, kuma a cikin wannan ƙaryar ya fara sanin abin da haɗama take jawowa.

Rubutaccen ƙagaggen labarin Hausa ma da irin wannan ya buɗe ido. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai. Cikin littattafan da suka fito daga wannan yunƙuri akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin mutumin da ya bazama duniya neman wani ruwa mai warkarwa har ya shiga hannun aljanu. Akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fara da yaƙin Turawa ya zarce ƙasashen aljanu. Bayan 'yan shekaru Magana Jari Ce ya fito kashi uku, aku yana ba ɗan sarki labarai dare bayan dare. Waɗannan su ne aka karantar da iyayenmu a aji, aka yi musu jarrabawa a kansu. Uban da yake alfahari da cewa ya haddace labaran aku, yau shi ne yake ƙwace wayar ɗansa don ya ji an ambaci aljani. Wannan bai yi daidai ba.

Kuma wanda bai karanta irin waɗannan littattafai ba yana zaton komai a cikinsu kara zube yake, marubuci ya faɗi abin da ya ga dama. Mai kyau a cikinsu ba haka yake ba. Idan marubuci ya ce wannan takobi ba ta cin jikin wanda bai taɓa cin amana ba, to ya ɗaure kansa. Makaranci zai riƙe wannan ƙa'ida har littafi na huɗu, yana jira ya ga ranar da za ta yi aiki. Idan marubucin ya manta, yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai kama shi. Na sha jin yara a bakin layi suna musu a kan ko wani jarumi zai iya ƙetare wani daji alhali an ce layarsa ba ta aiki bayan faɗuwar rana. Wannan musu aikin ƙwaƙwalwa ne: riƙe sunaye da yawa, bin sawun alƙawari, gane inda magana ta ci karo da 'yar'uwarta. Malamin lissafi da malamin fiƙihu duk irin wannan kan suke nema a wajen ɗalibi.

Batun tsafi

Tuhuma ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Mu Musulmi ne. Aljanu gaskiya ne, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani. Sihiri ma akwai shi, kuma an yi mana kashedi mai tsanani a kansa a cikin Suratul Baƙara. Uwar da take tsoron kada ɗanta ya saba da jin sunan matsafi har abin ya daina ba shi tsoro, tana da hujja. Idan littafi ya mayar da boka gwarzo, ya nuna cewa yanka wa gunki yana biyan buƙata kuma babu abin da ke biyo baya, ni ma ba zan bar shi a hannun yaro ba.

Amma a duba yawancin littattafan yaƙin da ake rubutawa a garin nan. Matsafi a cikinsu shi ne azzalumi. Zai yi shekaru yana tara aljanu, yana shan jinin bayin Allah, a ƙarshe wani ma'abocin addinin gaskiya ya zo ya karya shi da ambaton Allah. Har ma ina ganin an cika maimaita wannan salo, ya zama tun daga nesa ka san yadda za a ƙare. Ko ma dai yaya ne, yaro ba ya rufe littafin yana sha'awar zama matsafi. Kuma tsafin da ke ciki ba abin kwaikwayo ba ne: sai ka samo gashin wata dabba a bayan teku na bakwai, a wani birni da babu shi a taswira.

Yanzu a juyo ga littafin iyali. A nan ne boka yake zaune da gindinsa. Ba a bayan teku yake ba, yana wani ƙauye da za ka hau mota a tasha ka je ka dawo kafin la'asar. Matar da ta je wajensa sunanta irin na maƙwabciyarki. Abin da ta karɓo kuma da sunan da kowa ya sani ake kiransa: mallaka, farraƙu, kurciya, jifa. Kuma a cikin labarin yana ci. Miji mai hankali ya koma sai abin da aka ce masa. Ɗa mai biyayya ya bar gari ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Amarya ta yi ta ɓari. Haka za a yi ta tafiya shafi bayan shafi, sai can dab da ƙarshe a kawo wani malami ya yi ruƙiyya, asiri ya karye, muguwa ta haukace, a ce ga darasi.

Darasin da aka ce an bayar a shafi biyar na ƙarshe, shi ne kada a je wajen boka. Darasin da makaranciya ta kwana da shi wata da watanni kuwa daban ne: duk abin da ya lalace a gidan aure, hannun wata ne. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk maganar nan, domin ina ganin sawunsa a zahiri. Miji ya canza fuska saboda bashi ya yi masa katutu a kasuwa, sai a ce an shiga tsakani. Yarinya ta haihu ta shiga damuwa, ba ta barci, ba ta son ɗaukar jaririn, maimakon a kai ta ga likita sai a fara lissafin wanda ya zo barka da abin da ya kawo. Saurayi ya fara surutai shi kaɗai bayan ya daɗe yana shaye-shaye, ga asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau, amma sai an gama zaga masu magani an sayar da abin da aka mallaka kafin a tuna da shi. 'Yan uba su tashi a tsakar gida ɗaya, an hana wannan cin abincin ɗakin su wancan.

Ban ce littafi ne ya ƙirƙiro wannan zargi ba. Yana nan tun kafin a fara buga littafi. Amma labarin da yake shayar da shi kullum, yana tabbatar wa mace cewa zarginta daidai ne, bai cancanci a kira shi mai gyaran tarbiyya ba, a kuma kira na dodo mai ɓata ta.

Akwai kuma illar da yake yi wa labarin kansa. Da zarar an ce asiri aka yi wa Alhaji, an wanke shi. Wulaƙancin da ya yi wa uwar 'ya'yansa shekara goma ba laifinsa ba ne, ba ya cikin hayyacinsa. Ranar da asiri ya karye sai ya yi kuka, a yafe masa, a koma kamar ba a yi ba. Marubuciya ta huta da wahalar nuna mana yadda mutum mai salla da azumi yake zama azzalumi a gidansa da hankalinsa garau, alhali wannan shi ne abin da muke bukatar fahimta.

"Amma ai na iyali su ne rayuwarmu"

Wasu daga ciki, ƙwarai kuwa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin mace ce da miji ya kora da 'ya'ya tara saboda sabuwar amarya, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. Duk wanda ya zauna a cikin birnin Kano ya san irin wannan mata, wataƙila ma a gidansu take. Ƙarfin littafin ya sa aka fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Irin wannan rubutu ne ya ba matan Arewa bakin faɗin abin da ba a faɗa a zaure: auren dole, saki ba dalili, hana yarinya karatu. Ba zan taɓa raina shi ba.

Kuma kada a manta, waɗannan littattafai da yau ake kafa hujja da su a kan na yaƙi, jiya su ne abin tsana. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Iyayen da suke ɓoye littafi a ƙarƙashin filo a wancan lokaci su ne yanzu suke da 'ya'ya matasa. Ya kamata a ce sun fi kowa sanin ciwon a yanke wa abin da kake karantawa hukunci ba tare da an buɗe shi ba.

To amma a ɗauki goma daga cikin waɗanda suke yawo a WhatsApp yau a duba rayuwar wa ke ciki. Saurayin ɗan shekara talatin ne, yana da kamfanoni a Dubai, ba a taɓa nuna mana yana aiki ba. Gidan yana Nasarawa GRA ko Abuja, falo uku, kowace mace da motarta. Yarinyar talaka ce daga ƙauye, kyakkyawa fara mai gashi har gadon baya, kuma kafin a gama za a gano ashe 'yar wani attajiri ce aka sace tana jaririya. Ba a ɗauke wuta. Ba a layin ruwa wajen mai kura. Ba wanda mai gidan haya ya ba shi wa'adi. Yarinyar da take karanta wannan a Kurna ko Rijiyar Lemo tana ɗauka haka aure yake a wani wuri, nata ne kawai bai zo da sa'a ba. Yaron da yake karanta labarin doki mai fiffike bai taɓa sa ran za a kawo masa shi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, muna kiransu labaran iyali, amma lokaci ba ya wucewa a cikinsu. Labarin zuri'a na gaske, abin da yake sa shi daɗi shi ne ka ga yarinyar da aka yi wa auren fari ta zama uwar miji, ka ga ko za ta yi wa surukarta abin da aka yi mata. Ka ga dukiyar da kaka ya tara da guminsa yadda take narkewa a hannun jikoki. Ka ga gari yana sauyawa yana sauya mutanen gidan. Najib Mahfuz na Masar ya yi wannan a littattafai uku da suka fito a 1956 da 1957, ya bi gida ɗaya a tsohon birnin Alƙahira daga 1917 zuwa 1944. Boren da Misirawa suka yi wa Ingila a 1919 ya shigo har tsakar gidan ya ɗauke musu ɗa. A 1988 ya zama marubucin Larabci na farko da ya sami kyautar Nobel. Mu ma muna da somin-taɓi tun farko: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, yaron da aka sace zamanin cinikin bayi, da uwar da ta ratsa Sahara tana nemansa. Iyali guda ne, amma tarihin ƙasa gaba ɗaya ya bi ta kansu.

Wane gari ne ya fi Kano kayan irin wannan labari? A ɗauki gida ɗaya a cikin badala, mai soro da zaure biyu. Kakan kaka bafatake ne mai zuwa Gwanja sayo goro, basasar Tukur da Yusufu ta 1893 ta raba shi da ɗan'uwansa, kowa ya bi ɓangare. Turawa suka shigo a 1903. Jirgin ƙasa ya iso, gyaɗa ta zama kuɗi, ɗansa ya bar jakuna ya koma awo. Jikan ya shiga jam'iyyar NEPU bayan kafa ta a 1950, aka ɗaure shi, uban da yake da alaƙa da fada ya ce ba shi ba shi. Wata 'yar gidan ita ce ta fara shiga makarantar boko, dangi suka yi shekara ba sa gaisawa da uwarta. Wani ya tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru bai dawo ba, ya bar mata ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 ya ci wani. Wani ya yi shekara ashirin a masaƙa a Bompai ko Sharaɗa, aka rufe ta, ya koma acaɓa, aka hana acaɓa a 2013, ya koma Adaidaita Sahu. A ƙarshe magada sun kai arba'in, gidan ba ya rabuwa, wani ɗan kasuwa yana son ya saya ya rushe ya yi shaguna.

Babu boka ko ɗaya a wannan labari, kuma akwai kishi da gado da 'yan uba fiye da yadda littafi ɗaya zai ɗauka. Kusan kowane tsohon gida a Yakasai ko Mandawari ko Fagge yana da irinsa. Shi nake nema a kasuwa ina shan wahalar samu.

Na yaƙin ma suna da nasu

Kada a ce na wanke su tas. Babban ciwonsu jarumin da ba ya faɗuwa. Tun daga shafi na uku an gaya maka ya fi kowa ƙarfi da kyau, ya shiga cikin dakaru dubu ɗari yana sara da suka, ko ƙwarzane bai samu ba. Idan ba zai iya rasa komai ba, me zai sa gabana ya faɗi? Yaƙi na farko da na ashirin duk ɗaya ne, adadin gawarwaki kawai ake ƙarawa.

Na biyu, kullum a ƙasar wasu ake yi. Birnin Misra, birnin Kisra, birnin Sin, ƙasar Hindu. Sunaye na Larabawa da Farisawa, fada irin ta Dare Dubu Da Ɗaya. Aro ba laifi ba ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa tushensa labarin wani gwarzo ne na ƙasar Rasha, amma an jiƙa shi da Hausa har yaro ba zai taɓa zaton baƙo ba ne. Abin tambaya shi ne me ya hana mu taɓa namu. Tarihin Kano da aka rubuta ya kawo Barbushe, wanda aka ce da sandarsa yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka, shi kaɗai yake shiga wajen abin bautarsu Tsumburbura a gindin Dala ya fito ya gaya wa mutane abin da zai faru a shekara. Ya kawo Dirki, abin tsafin da sarakunan Kano suke yi wa yanka a da, da kurmin Jakara da ake tsoron taɓawa. Daura tana da macijin rijiyar Kusugu da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Zazzau tana da Amina da ganuwoyinta. Ga fatake masu ratsa daji da ayari, ga maharba da kirarinsu, ga 'yan tauri, ga maƙera masu wasa da wuta. Yaron da ya karanta labarin da aka gina a kan waɗannan, in ya wuce ta gindin Dala ko ya shiga Gidan Makama, da wani ido zai kalle su.

Jan labari

Akwai cuta ɗaya da ta kama iri biyun, kuma ita ce take kashe mini sha'awar littafi fiye da komai. Labarin da zai ƙare a littafi ɗaya sai a ja shi zuwa biyar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980, raba labari kashi-kashi shi ne hanyar tsira: a buga na ɗaya siriri, a kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari, abin da ya dawo a buga na biyu da shi. Shi ya sa ake yanke labari a daidai inda takobi ta ɗaga ko inda aka ce "na sake ki", a rubuta "mu haɗu a littafi na biyu". Yanzu takarda ta yi tsada, kasuwar ta koma waya, amma dabarar tana nan. A saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutum a ce sauran sai an biya a shiga rukunin masu kuɗi. A YouTube kuma yawan kashi shi ne yawan masu saurare. Duk tsarin yana ba marubuci lada ne a kan tsawo.

Sakamakon a littafin yaƙi shi ne a tayar da matsafin da aka riga aka kashe, ko a ce ashe yana da wa wanda ya fi shi hatsabibanci. A littafin iyali kuma a ƙaro kishiya ta uku, a yi hatsarin mota, wani ya manta kowa, a kwashe shafi goma ana lissafa kayan lefe da abin da aka ci a wajen kamu. Mutanen da ka fara ƙauna a kashi na ɗaya sai su koma ba ka gane su, domin an tanƙwara halinsu don labari ya ƙara nisa.

Wannan ba a kanmu kaɗai yake ba. George Martin na Amurka ya fara jerin littattafansa na sarautu da dodanni a 1996, na biyar ya fito a 2011, masu karatu suka shafe fiye da shekara goma suna jiran na shida. Wanda ya fara dogon labari ya ɗauki amanar mutane, domin sun ba shi dararensu bisa alƙawarin zai kai su wani wuri. Dogon labari halal ne idan tun farko marubuci ya san inda za shi. Ana gane wannan: abin da aka dasa a kashi na ɗaya sai ka ga ya yi 'ya'ya a na huɗu. Wanda ake ja don kuɗi kuwa, za ka iya tsallake kashi guda ba ka rasa komai ba.

A nan mu masu karatu muna da hannu dumu-dumu. Marubuciya ta yi wata shida tana rubutu, ranar da ta saki littafin wata ta biya sau ɗaya ta watsa shi a rukuni goma. Wani ya ɗauka ya karanta a tasharsa ba izini, ya ci kuɗin talla. Wanda aka yi wa haka ba zai zauna shekara biyu yana bin tsofaffi a cikin gari yana tambayar yadda aka yi cinikin gyaɗa ba, ba zai je Laburaren Murtala Muhammad ko Jami'ar Bayero ya binciki tarihin Dala ba. Zai rubuta abin da yake fita da sauri ne, shafi biyu kullum, da boka da attajirin Dubai. Idan muna son wancan gida na cikin badala ya zama littafi, sai mun yarda mu sayi kammalallen labari da kuɗin da ya kai wahalarsa, mu kuma daina karɓar na sata in an turo mana.

Saura masu cewa duk wannan yana cinye lokacin karatun makaranta. Gaskiya ne yaro zai iya raba dare yana saurare ya makara da safe, kuma haƙƙin iyaye ne su sa masa iyaka: bayan an gama aikin gida, ban da lokacin salla da Islamiyya, waya ta kwana a ɗakin uwa. Wannan doka ta lokaci ce, kuma ta hau kan mai sauraron sadaukai da mai sauraron kishiyoyi daidai wa daida. Ni da za a bi tawa ma, a mayar da yaran kan takarda ko rubutu a waya maimakon sauraro zalla, domin da yawan 'yan sakandare a garin nan suna jin Hausa amma ba sa iya rubuta ta da ƙa'ida, ba sa bambance ƙ da k, ba su san inda ake raba kalma ba, kuma dogon labarin da suke ƙaunar su ga ƙarshensa shi ne abin da zai zaunar da su su karanta shafi ɗari uku ba tare da an tsaya a kansu da bulala ba.